Rina kan sandar lakros da saƙa ragarsa: za a iya yi a gida?

Tambaya: Muna zaune a gefen Baltimore, a jihar Maryland. Ɗana mai shekara 13 ya shiga ƙungiyar lakros ta makarantarsu (wasan da ake cafe ƙwallo da jefa ta da sanda mai raga a kai), mun saya masa sanda mai farin kai. Yanzu ya kafe sai an rina kan kore-fari-kore, an kuma kwance ragar da ta zo da shi an saƙa masa wata. Ina gudun kada mu lalata abin da muka saya da tsada. Za mu iya yi a gida, ko mu kai wa masu yi?

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya mana shi. Duka biyun suna yiwuwa a gida, kuma masu wannan sana'a da yawa a kicin ɗin iyayensu suka fara. Sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne. Rini ado ne: in ya yi kyau yaro ya ji daɗi, in bai yi ba a sake tsoma kan a launi mai duhu a rufe aibin. Saƙar raga kuwa ita ke yanke inda ƙwallo za ta nufa in ta bar sandar, ko ƙirjin abokin wasansa ko ƙasa. Don haka duk kuɗi da lokacin da kuka ware wa wannan aiki, kaso mai tsoka ya tafi wajen ragar. Amma rinin ake fara yi, domin dole a kwance igiyoyin kaf kafin kan ya shiga ruwan zafi.

Kan sandar da ke hannunku nailan ne, wato roba mai tauri da ake narkarwa a zuba a mazubi. A 1970 kamfanin STX na nan Baltimore ya fito da kan roba; kafin nan sandar gaba ɗaya icce ce. Abin da ya sa nailan ke karɓar rini shi ne yana shan ruwa kaɗan-kaɗan, kuma in ya ji zafi jikinsa yana saki, launi ya kutsa ciki ya kama. In an ɗan tsamama ruwan da binega, kamun ya fi ƙarfi. Wannan ne bambancinsa da fenti, wanda a sama yake zama, bugu biyu uku a fili ya fara ɓarewa. Rini yana shiga cikin fatar robar, sai dai ba ya nisa, shi ya sa bayan watanni za ki ga fari ya leƙo a leɓen sama inda kan ke gogar ƙasa wajen ɗaukar ƙwallo. Kada abin ya dame ku, haka kowane rinannen kai yake yi.

Abin da aka fi amfani da shi a nan shi ne rinin Rit, ko na gari ko na ruwa, da ɗan'uwansa Rit DyeMore da aka yi don kayan roba. Kowanne yana kama nailan. Ku nemi tsohuwar tukunya mai faɗi wadda kan zai nutse a ciki, kuma daga ranar ta bar girki ke nan har abada, ita da cokalin da aka juya rinin da shi. Ku sa safar hannu, ku buɗe taga, ku shimfiɗa tsofaffin jaridu, domin ɗigo ɗaya a kan teburin kicin ba ya fita da sauƙi. Wuta da ruwan zafi aikin babba ne. Yaron ya yi zane da liƙe-liƙe, ke ko babansa ku riƙe tukunya.

A cire kan daga sandar, a kwance ragar, a ɓamɓare ɗan soson nan da ke liƙe a ƙasan kai inda ƙwallo ke tsayawa. Sai a wanke shi tas da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Mutane suna raina wannan wanki, alhali maiƙon masana'anta da na hannu shi ke sa rini ya fito dabbare-dabbare. Bayan an wanke, a rage taɓa shi da hannu tsirara.

Wajen zafin ruwa ne ake lalata kai, don haka nan nake so ki fi lura. Nailan ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Selsiyos, ke nan tafasasshen ruwa ba zai narkar da shi ba. Amma tun kafin ruwa ya tafasa ya riga ya yi laushi, kuma duk siffar da ya huce a kai ita zai riƙe. In aka bar shi kwance a gindin tukunya a kan wuta, ko aka matse gefunansa da awartaki wajen ɗagowa, zai fito a karkace ko a tsuke. Ruwan ya yi zafi har ya fara ƙananan kumfa, wajen digiri 80 zuwa 90, sai a rage wutar ko a kashe. A zura waya a ramin da noti ke shiga a wuyan kan, a riƙe shi da ita yana lilo cikin ruwan ba tare da ya taɓa ƙasa ba. A riƙa ɗagowa ana dubawa. Mintuna kaɗan sun isa launi mai haske, mai duhu ya ɗan fi daɗewa, kuma jiƙaƙƙen kai ya fi busasshe duhu a ido. Da ya kai yadda ake so, a tsoma shi a ruwan sanyi nan take, a ɗauraye har ruwan ya daina canza launi.

Ƙa'ida guda ba ta da makawa: daga haske ake tafiya zuwa duhu. Fari zai zama rawaya, rawaya ya zama kore in an bi shi da shuɗi, kore ya zama baƙi, amma babu hanyar komawa baya. Launi kuma hawa yake yi a kan na ƙasa, ba ya shafe shi. Ja a kan kore ruwan ƙasa mai dauɗa zai ba ku. Kun yi sa'a da kanku fari ne.

Kore-fari-koren da yake so yana cikin mafi sauƙi, domin launi ɗaya ne kawai za a dafa. Dabarar ita ce wadda kika sani a marinar Ƙofar Mata, inda ake ɗaure yadi da zare kafin ya shiga karofi, wurin da aka ɗaure ya fito fari. A nan salatif ɗin masu gyaran wuta ke maye gurbin zaren. A naɗe tsakiyar gefunan biyu da shi, daidai wa daida, a bi bakinsa da farce a danne sosai, musamman a lungunan ƙarfafa gefe inda rini ke son sulalewa ta ƙasa. In an ɗan hura masa na'urar busar da gashi, yana ƙara kamawa. Sai a tsoma kan duka a kore. In kuma yana son koren ya riƙa dusashewa a hankali har ya zama fari, babu buƙatar salatif: a tsoma ɓangaren sama, ana ɗagawa ana saukarwa ba tsayawa, ƙarshen ya fi daɗewa a ruwa, sannan a juya a yi wa wuyan haka. In hannu ya tsaya wuri ɗaya, layi zai fito. Ni na fi son wannan ga mai farawa, saboda ba shi da bakin da zai yi yoyo. Masu son zanen jijiya-jijiya suna yarfa narkakken gam na bindiga a kan farin kafin rini. In an gama a sa kan a firiza na ɗan lokaci, gam ɗin ya yi tauri ya riƙa ɓallewa da kansa. Lamba ko suna kuma da yankakkiyar sitika ta roba ake yi.

Abu biyu ku sani kafin ku kunna wuta. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar rinannen kai in ya karye, garantin ya faɗi ke nan, don haka ku duba takardar naku. In abokin wasansa yana da tsohon farin kai da ya yar, ku roƙa ku gwada hannu a kai tukuna. Na biyu, in yaron yana cikin masu tsugunawa a tsakiyar fili su yi kokawar ƙwallo a farkon wasa, akwai dokar da ke neman launin da ke saman sandar, daf da kan, ya bambanta da na kan da na safar hannu, don alƙali ya ga ko hannu ya hau roba. Ya tambayi kocinsa kafin a zaɓi launi. Irin waɗannan 'yan wasa ma suna lanƙwasa kan sosai, ni ba na ba su shawarar dafa kan da suke shiga gasa da shi.

Yanzu ga ragar. Yaron yana da gaskiya da ya raina wadda ta zo da sandar. Galibin na masana'anta ana saƙa su ne da sauri don a sayar, saƙar sama sako-sako, aljihun, wato lotsawar ragar inda ƙwallo ke zama, kamar buhu, ƙwallo tana yawo a ciki. Yaro mai koyo da irin wannan yakan ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau, har ya sauya yadda yake jifa don ya biya wa sandar, ya ɗauki mummunar ɗabi'ar da za ta bi shi shekaru. Wannan ne ya fi ba ni takaici a harkar nan, domin gyaransa ba ya da tsada.

Kayan da ake buƙata suna zuwa a ƙunshi ɗaya: ragar kanta, siririyar igiyar nailan ta sama da ta gefe, igiyar ƙasa, da igiyoyin harbi masu faɗi irin na takalmin hoki. Kamfanonin ECD da StringKing suna cikin sanannun masu yin su. ECD ɗin ma 'yan Maryland ne. Ku ɗauki raga mai matsakaicin laushi. Mai tauri sosai tana daɗewa kafin ta saki, mai laushi sosai tana zama jaka in ruwan sama ya taɓa ta. Ragar 'yan fili ana ce mata mai ido goma, domin layukanta suna musanya, wannan ido tara, mai bi masa ido goma. Ta mai tsaron gida daban ce, ta fi faɗi, kada a ruɗe a sayo ta.

A fara da miƙe ragar da hannu, gefe da gefe, har idanun su buɗe. Sai a ninke layin farko mai ido tara a kan mai ido tara na gaba, a ɗaure wannan ninki a ramukan leɓen sama. Idon tsakiya, na biyar, ya zauna daidai tsakiyar leɓen. Wannan igiya ta sama a ja ta iya ƙarfi, kowane ƙulli a ja kafin a wuce na gaba. In ta yi sako-sako, ƙwallo za ta riƙa karo da roba wajen fita, za ku ji "ƙas" a kowane jifa, kuma babu gyaran da za a yi a ƙasa da zai magance shi.

Igiyoyin gefe su ne asirin aikin. A kowane gefe akwai jerin ramuka daga sama zuwa wuya, kuma mai saƙa ne ke zaɓar wane idon raga zai ɗaure a wane rami. A sama, ana jan layuka uku ko huɗu na farko ƙasa da ƙarfi, ana tsallake rami ɗaya ko biyu tsakaninsu, ana kulle kowanne da ƙullin da ba ya zamewa. Jan nan yana sa gefunan ragar su yi tsam, tsakiya ta ɗan lotsa, sai hanya ta fito mai kamar kwararo wadda ƙwallo za ta bi ta fita a miƙe. In kin ɗaga sandar da aka saƙa da kyau kika hange ta ta baya, za ki ga kwararon nan yana tsukewa zuwa sama. Daga nan kuma sai a sauya hannu: inda ake son aljihu ya zauna, a daina tsallake rami, a tara idanu kusa da kusa, wani lokaci biyu a rami ɗaya. Ragar da aka tara ba ta da wurin zuwa sai baya, aljihu ke nan. Duk abin da aka yi a dama, a yi irinsa a hagu, rami da rami, ja da ja. Ido ɗaya ya sha bamban, sandar za ta riƙa jifa a karkace.

Inda aka tara idanun shi ke nuna ko aljihun na sama ne, na tsakiya, ko na ƙasa. 'Yan gaba masu riƙe sanda a tsaye da hannu ɗaya sukan so na ƙasa, domin ƙwallo ta zauna kusa da wuya. Masu tsaron baya da masu harbi daga nesa sukan so na sama, domin ƙwallo tana faɗawa ciki da an ɗebo ta daga ƙasa. Ɗan shekara 13 da bai tsaya a matsayi ɗaya ba, a yi masa na tsakiya. Ba na sassautawa a kan wannan.

Igiyar ƙasa ita ke riƙe zurfi: a sassauta aljihu ya zurfafa, a ja ya taso. Igiyoyin harbi kuma ana saƙa su a kwance daga gefe zuwa gefe, ƙasa da leɓe kaɗan. Siririya ɗaya a sama da masu faɗi ɗaya ko biyu a ƙasanta sun isa. Ta sama ta fi tsauri, kowace ta ƙasa ta fi wadda ke samanta sauƙi, yadda ƙwallo za ta hau su a hankali ba ta yi tuntuɓe ba.

A nan yara ke ruɗuwa. Aljihu mai zurfi da igiyar harbi mai tsauri suna riƙe ƙwallo ƙam, kuma suna fizgarta wajen fita, sai yaro ya ji harbinsa ya yi ƙarfi. Amma fizgar nan tana jinkirta fitar ƙwallo, sai ta bar sandar a makare ta nufi ƙasa. Babban ɗan wasa mai ƙarfin wuyan hannu ya san yadda zai sarrafa ta. Mai koyo kuwa sai dai ya riƙa jefa wa abokinsa a ƙafa. Gwajin mai sauƙi ne. Ya tsaya taku goma daga bangon bulo, ya sa alama daidai tsayin kafaɗarsa, ya yi ta jifa yadda ya saba. In ƙwallo tana sauka ƙasa da alamar, a sassauta igiyar harbi ta ƙasa, ko a ja igiyar ƙasa kaɗan aljihun ya rage zurfi. In tana tashi sama, a yi akasin haka. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a sake jifa, sannan a taɓa wani. Sabuwar raga kuma tana buɗewa, don haka a danna aljihun da dunƙule ko da ƙwallo, a yi kwana biyu uku ana buga bango, kafin a yanke hukunci a kanta. Sai an gamsu za a yanke ragowar igiyoyi a ƙona bakinsu da laita don kada su warware.

Alƙalan wasa suna duba sanda, kuma wanda aka kama da haramtacciya zai zauna waje ƙungiyarsa ta yi wasa da ragin mutum. A wasan maza, in aka riƙe sandar a kwance daidai ido da ƙwallo a aljihu, kada a hango saman ƙwallon a ƙasa da bakin gefen kan. In haske ya ratsa tsakaninsu, aljihun ya yi zurfi. In aka karkata sandar gaba, ƙwallon ta gangaro ta fita da kanta. Igiyoyin harbi duka su kasance cikin inci 4 daga saman leɓe; kwalejoji suka fara wannan doka a 2013, sakandare suka biyo baya, kuma ita ta kawar da igiyar harbin nan mai lanƙwasa kamar harafin U da za ku gani a tsofaffin bidiyo, kada yaron ya kwaikwaya. Ragowar igiya mai reto kada ta wuce inci 2. Faɗin kan ta ciki kada ya gaza inci 6 a inda ya fi faɗi, da inci 3 a kusa da wuya, shi ya sa za ku sa ma'auni ku auna bayan rini, tun kafin a ɓata lokacin saƙa. Raga mai launi halal ce, amma ba a yarda a zana mata abin da zai yi kama da ƙwallo don ruɗin abokin hamayya ba. Dokokin nan ana ɗan taɓa su lokaci zuwa lokaci, kuma na yara ƙanana sukan bambanta, saboda haka koci ya duba sandar kafin wasan farko.

Game da ko ku kai wa masu yi: saƙar farko ku kai shagon lakros, ko ku ba wani babban yaro a ƙungiyar, kusan kowace ƙungiya tana da ɗaya da kowa ke kai wa sanda. Amma yaron ya zauna ya kalla, ya ɗauki hoton gefen biyu, ya rubuta wane ido ke wane rami. Ta biyu ya kwance ya mayar da kansa, ko da zai yi yini a kai. Igiyar gefe takan tsinke ana tsaka da gasa, kuma wanda ya san tsarin sandarsa cikin 'yan mintuna zai mayar da ita yadda take.

Ina kuma so ya san hannun da wannan aiki ya fito. Wasan na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman Haudenosaunee, ƙawancen ƙabilu shida na yankin jihar New York da Kanada, waɗanda suke ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci, suna ma yin sa don neman lafiyar marar lafiya. Wani limamin mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya rubuta labarin wasan a cikin mutanen Huron tun 1636, kuma sai a 1867 wani likitan haƙori a Montreal, George Beers, ya tsaida dokokin zamani. A wurin Haudenosaunee sanda icce ce ta hikori, a tsaga, a busar na watanni, a turara da tururi a lanƙwasa, a saƙa da fata da kiri. Alf Jacques na Onondaga, ɗaya daga ƙabilun nan shida, wanda ya rasu a 2023, ya shafe rayuwarsa yana wannan sassaƙa, kuma a wurin mahaifinsa ya koya. Har yau akwai masu saƙa kan roba da fata huɗu a tsaye da igiya a gicciye, a bin waccan hanya. Tana da daɗin jifa, sai dai tana son kulawa kuma ruwa yana sauya ta, ya bari sai hannunsa ya nuna. Wasan zai koma Olamfik a Los Angeles a 2028, da tsarin 'yan wasa shida-shida, bayan rabonsa da zama gasar lambar yabo tun 1908.

In ƙanwarsa ta ce ita ma tana so, rinin duk ɗaya ne, amma kada a saƙa mata irin nasa. A wasan mata aljihu ba ya zurfi, dole a ga saman ƙwallon ya leƙo sama da gefen kan, kuma kan nasu ma ƙirarsa daban ce. Tun 2018 aka halatta musu raga a nan Amurka, sai dai tasu ake saya.

Bayan wasan da aka yi cikin ruwa, ya ɗauraye laka, ya tura aljihun ya koma siffarsa, ya cusa takarda ya bar shi ya bushe a inuwa. Kada ya bar sandar a but ɗin mota da rana a lokacin zafi, domin zafin cikin mota yana iya karkata kan kamar yadda tukunya ke yi. Kafin kowane wasa ya bi igiyoyin gefe da yatsa, musamman ramuka biyu na sama inda suka fi cinyewa, in ya ji ta fara gashi ya sauya ta tun a gida.